Wasu sun ce labarin yana jan ƙafa, wasu sun ce an yi gaggawa: wa zan saurara?

Ƙanena, kafin in ɗauki alƙalami in amsa maka sai da na zauna na buga kashi ukun da kuka fitar, daga farko har ƙarshe a dare ɗaya, domin ban so in yi hukunci a kan abin da ban gani da idona ba. Ga tambayarka a taƙaice saboda waɗanda ba su ga saƙonka ba. Kana zaune a Aboabo a nan Kumasi, kai da abokinka mai zane kuna yin wasan labari na waya, irin wanda ake karanta zance a ƙarƙashin hoto ana taɓa allo don a ci gaba, jefi-jefi kuma a ba mai wasa zaɓi. Labarin na manya ne, a kan matar da ta yi shekara uku tana aikatau a ƙasar Larabawa, ta dawo ta tarar mijinta ya ƙara aure da kuɗin da take aikowa. Kuna sakin sa kashi-kashi, kusan duk bayan wata uku. Yanzu masu wasa sun rabu: wasu sun ce labarin yana jan ƙafa, wasu sun ce an yi gaggawa, wasu kuma sun yaba zane amma sun ce rubutun bai kai ba, kai kuwa ka rasa wanda za ka bi.

Ɓangarorin biyu na farko duk ba su yi maka ƙarya ba, sai dai ba da mudu ɗaya suke awo ba. Wanda ya fara da ku tun ranar da kashi na ɗaya ya fito, da watanni yake awo. Ya jira wata uku, ya sayi data ya sauke sabon kashi, ya cinye shi kafin shayinsa ya huce, sannan ya tambayi kansa abin da ya samu a madadin jiran da ya yi. Idan ya duba ya ga matar tana nan a ɗakin da ya bar ta, ba ta bar gidan ba, ba ta fuskanci mijin ba, ba ta gano wani sabon abu ba, to a wurinsa wata uku sun tafi a banza, kuma zai ce labarin ba ya motsi ko da kowace jimla a cikinsa zinariya ce. Wanda kuwa ya ji labarinku jiya ya sauke duka ukun a tare, kamar yadda na yi, da mintoci yake awo, kuma shi ne yake ganin abin da mai jira ba ya gani, wato cewa matar da uwar miji ta ci wa mutunci a gaban baƙi ta koma tana dariya da ita bayan kwata ɗin awa ba tare da an nuna mana abin da ya sanyaya mata zuciya ba. A wurin mai jira wata uku ne suka raba zagin da dariyar, ya ma manta zafin maganar, don haka bai ga aibi ba. A wurin mai bugawa a zama ɗaya, ƙarar zagin ba ta bar kunnensa ba tukuna. Saboda haka duk lokacin da wani ya yi maka ƙorafi a kan tafiyar labari, abu na farko da za ka nema ka sani shi ne yaushe ya fara bugawa, domin a nan ne za ka gane mudun da ke hannunsa.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Tun shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suke fitowa na ɗaya, na biyu, na uku, a yanke maka labari a daidai inda numfashinka ya ɗauke a ce mu haɗu a littafi na gaba, kuma yau marubuta, galibinsu mata, suna sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na bin su da roƙon a ƙara yawan rubutu domin shafin yau ya yi kaɗan. Bambancin da ke tsakaninka da su shi ne, mai sakin shafi kullum idan ta ɓata na yau da gaisuwa da girki, gobe da safe ta biya bashin, ba wanda zai riƙe ta a zuciya. Kai ba ka da wannan gatan, domin gobenka sai bayan wata uku.

Dalilin wannan tazara kuwa a cikin sana'ar yake, kuma yawancin masu ƙorafi ba su san shi ba. Manhajar Ren'Py da kuke haɗa wasan da ita, wadda ta fara fitowa a 2004 kuma kyauta ce, ta mai da rubutu abu mai arha ƙwarai, amma ba ta rage wa hoto tsada ba. Kai za ka rubuta cewa ta shiga kasuwar Kejetia tana neman shagon ƙawarta cikin daƙiƙa goma, abokinka kuwa wannan jimla ɗaya za ta iya cinye masa mako guda yana zana rumfuna da cunkoson jama'a. Masu haɗa hotunansu da manhajoji irin su Daz Studio ma ba su tsira ba, domin kowane hoto sai kwamfuta ta ɗauki lokaci tana sarrafa haske da inuwa, a nan garinmu kuma a ƙara da ɗaukewar wuta da muke kira dumso. Abin da ke biyo baya shi ne marubuci ya fara rubuta labari daidai da hotunan da yake da su a hannu. Ɗaki uku aka zana, don haka kowa ya zauna a ɗaki ukun nan ya yi ta zance, abin da ya kamata a gani kuma sai a ba da labarinsa da baki. Na ƙirga a kashinku na biyu, sau huɗu wani ya shigo falo ya ba da labarin abin da ya faru a waje. Mai wasa ba zai ce maka kuɗin zane ne ya gaza ba, jan ƙafa zai kira shi.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ɓata tsakanin masu yin waɗannan wasanni da masu buga su a duniya. Tun da aka kafa Patreon, shafin intanet da masoya ke tallafa wa masu ƙirƙira da kuɗi, a 2013, da yawa daga masu wannan sana'a da tallafin wata-wata suke rayuwa, kuma duk mai hankali ya san cewa ranar da labari ya ƙare, ranar ce tallafin zai fara raguwa. Shi ya sa za ka ga wasa ya shekara da shekaru yana ɗauke da lambar fitowa ta sifili da ɗigo kaza, ana ta ƙara sababbin fuskoki, tsofaffin ƙulle-ƙulle kuwa ba a kwance ko ɗaya ba. Masu wasa sun daɗe da gane wannan, kuma da zarar zargin tatsa ya shiga zuciyar mutum, duk wani zama na natsuwa da ka rubuta da kyakkyawar niyya ciko zai gan shi. Ka ce akwai masu turo muku 'yan sidi ta MoMo, wato hanyar tura kuɗi ta waya, duk wata don ku ci gaba. To ka sani su ma wannan lissafin suke yi ko ba su faɗa ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganin zargin nan ɗaya ne na sani: ka fito fili ka ce labarin kashi kaza ne, bakwai ko takwas, ka kuma tsaya a kan maganarka. Mutum yana iya haƙuri da doguwar hanya idan ya san yawan zangon da ya rage masa.

Zan kawo misali biyu daga waje domin sun nuna fuska biyu na wannan abu. A Japan, inda irin wannan wasa ya samo asali, an saki wani wasa mai suna Higurashi kashi takwas tsakanin 2002 da 2006, ana sayar da shi a kasuwar baje kolin masu zane da ake kira Comiket, huɗun farko na tambaya, huɗun ƙarshe na amsa. Zanensa na asali ba abin a zo a gani ba ne, zaɓi ma kusan babu, kuma kashinsa na farko yakan ɗauki dogon lokaci yana nuna wasannin yaran ƙauye kafin tashin hankali ya shigo. Duk da haka mutane sun bi shi shekara huɗu, saboda kowane kashi yana da farkonsa da ƙarshensa ko da babban asirin bai warware ba, kuma tsarin ya nuna wa mai karatu cewa marubucin ya san inda ya dosa. A ɗaya gefen, kamfanin Telltale na Amurka, wanda ya yi suna a 2012 da wasan The Walking Dead mai kashi biyar, ya durƙushe a watan Satumba na 2018 alhali an saki kashi biyu kacal daga cikin huɗu na zangon ƙarshe, sai da wani kamfanin, Skybound, ya karɓa ya kammala a 2019. Idan babban kamfani zai iya faɗuwa a tsakiyar labari, ina ga samari biyu a Aboabo? Wannan tsoron ne ya sa za ka ji mutane da yawa suna cewa ba za su taɓa wasa ba sai an gama shi, kuma wani ɓangare na zafin da kake ji a cikin sharhin masu jira tsoron a bar su a hanya ne.

Bari in ɗan tsaya a kan kalmar nan ta "na manya", domin ka ambata cewa wasu sun ba ka shawarar ka ƙara yaji idan kana son kasuwa. Kalmar tana da ma'ana biyu. Akwai labarin da ya zama na manya saboda abin da yake taɓawa, kishi da saki da bashi da wulakancin aikatau, irin naku ke nan. Akwai kuma babbar kasuwa a intanet wadda batsa ce jarinta, labarin kuwa ganye ne kawai da aka naɗe ta da shi. Ban ba ka shawarar ka leƙa can ba, kuma ko an ajiye maganar addini da mutuncin gida a gefe, wanda ba a ajiyewa, kasuwa ce da aka gina a kan yashi: Steam, babban shagon sayar da wasanni a intanet, ya buɗe ƙofa ga irin wannan kaya a 2018, amma a watan Yuli na 2025 shi da wani shagon mai suna itch.io suka cire ko suka ɓoye wasanni masu yawa saboda matsin lambar kamfanonin da ke sarrafa biyan kuɗi da kati. Sai dai akwai darasi ɗaya da na ɗauka daga muhawarar masu wasa a can. Su ma kashi biyu ne, waɗanda suka zo don wancan abin suna ganin labari shinge ne da aka gitta musu, da waɗanda labari ya riƙe suna jin haushin a katse shi don a cika alkawarin da aka yi wa na farkon. Marubucin da ya so ya gamsar da duka biyun yakan tashi da labarin da mutanensa suke aikata abin da bai dace da halinsu ba, don kawai lokacin wani fage ya yi. Cutar nan ba ta batsa kaɗai ba ce. Idan ka sa wa kanka doka cewa kowane kashi sai an yi dambe tsakanin kishiyoyi domin masu sharhi suna son dambe, ka kamu da ita ke nan. A labarinku fagen da ya fi ƙona rai shi ne inda matar take kwance tana jin an rufe ƙofar ɗakin amarya, ba a nuna komai ba sai fankar da ke juyawa a samanta, kuma ban ga abin da za a ƙara a wurin da ba zai rage masa ƙarfi ba.

Yanzu ga yadda nake auna tafiyar labari, kuma ba daga sharhi na koye shi ba. Akwai wata majalisar shayi kusa da gidana a Asawase, irin wadda samari ke kira bes, inda ake dafa ataya har tsakar dare. Shekarun baya, lokacin da na baro rubutun wasan kwaikwayo na rediyo na fara gyara rubutun irin waɗannan wasanni, na miƙa wa wani yaro mai gyaran babur wayata na ce ya buga wani kashi da muke shirin saki, ni kuma na zauna a gefensa ina kallon babban yatsansa, ban kalli fuskarsa ba. Da farko yana taɓa allo a natse, ya karanta, ya taɓa. Da aka shiga gaisuwar surukai sai yatsan ya fara sauri, taf, taf, taf, har ya kai yana taɓawa kafin rubutun ya gama bayyana. Can sai aka zo inda wata tsohuwa ta kwance bakin zaninta tana ƙirga kuɗin susu, wato adashi, a gaban ɗanta, ta ƙirga sau biyu bai cika ba. Nan yatsan ya tsaya cak a sama, mai ataya ya miƙo masa ƙaramin kofi bai ma gani ba. Da ya gama na tambaye shi ra'ayinsa, ya ce ya yi daɗi Yaya, shi ke nan. Bakinsa ya yi mini kara, yatsansa kuwa ya riga ya faɗa mini shafukan da zan yanke. Ka nemi mutum uku ko huɗu waɗanda ba abokanka na ƙut-da-ƙut ba, ka yi musu haka kafin kowace fitowa, ka riƙe takarda kana rubuta inda yatsa ya yi gudu da inda ya tsaya. Ka lura kuma cewa fagen da ya tsayar da yatsan nan ba shi da ihu ko duka, tsohuwa ce kawai take ƙirga kuɗi. Natsuwa daban, jan ƙafa daban: fage yana jan ƙafa ne idan aka fita daga cikinsa kowa yana yadda ya shiga.

Sai masu cewa rubutun bai kai ba, waɗanda a ganina su ne suka fi cancantar ka ba su kunnenka, ko da yake su ne suka fi ƙona maka rai. Da wuya mai wasa ya iya fayyace abin da yake nufi da wannan magana, amma da na buga naku na ga abin da ya dame su. Mutanenku duka da baki ɗaya suke magana. Uwar miji, da direban tasi, da amarya 'yar shekara ashirin, da limamin unguwa, kowa yana zuba daidaitacciyar Hausa irin ta mai karanta labarai a rediyo, alhali ka ce a Zongon Kumasi suke zaune. Kai ka fi ni sanin yadda ake magana a layinku: da yawa ba sa bambanta namiji da mace a lamiri, a ce "ya zo" ana nufin Hajiya, a jefa medaase, wato na gode da harshen Twi, a tsakiyar ciniki, a juya zuwa Twi idan rai ya ɓaci ko idan ana son a ɓoye wa baƙo magana. Ban ce ka rubuta komai da Gaananci, wato Hausar Gana, ba, domin kana da masu karatu a Kano da Zinder waɗanda za su wahala. Amma muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciya, bakin mutane kuma a bar masa gishirinsa. Matar da ta yi shekara uku a gidan Larabawa ya kamata wata kalmar Larabci ta riƙa kuɓuce mata idan ta firgita, kuma ya kamata uwar mijin ta tsani wannan kalmar. Gwajin da nake yi shi ne in rufe sunan mai magana da yatsa in karanta layin. Idan ban gane ko wane ne ba, layin bai gama dahuwa ba.

Wani abin kuma, kana yawan faɗin abin da hoto ya riga ya nuna. Abokinka ya zana ta da hawaye a kumatu, kai kuma ka rubuta cewa ta ji baƙin ciki ƙwarai hawaye suka zubo mata. Wannan gado ne daga littafi da rediyo, ni ma na sha fama da shi. A nan aikin rubutu shi ne ya faɗi abin da hoto ba zai iya ba, misali tana kuka amma bakinta yana tambayar ko yara sun ci abinci.

Maganar zaɓi ta fi waɗannan nauyi. Masu wasa suna jin an yaudare su idan aka ba su hanya biyu, suka koma baya suka gwada ɗayar, suka tarar jimla ɗaya ce kawai ta canza, kuma Ren'Py ta sauƙaƙa musu wannan binciken tunda tana barin mutum ya koma baya ko ya tsallake abin da ya riga ya karanta. Amma kada wannan ya sa ka ɗauki alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. Zaɓi goma masu hanya biyu-biyu, idan kowanne ya raba labari da gaske, hanyoyi 1024 ke nan, kuma ko rabin rabin wannan ya isa ya kashe aikin mutum biyu. Na ga wasanni da yawa da suka mutu ta nan: an buɗe rassa da yawa a farko, kowane sabon kashi sai an rubuta shi sau biyar, mai wasan da ke bin reshe ɗaya kuma ya jira watanni ya samu minti goma. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Abin da masu wasa ke nema a zahiri shi ne a tuna da abin da suka yi. Idan a kashi na ɗaya mutum ya zaɓi matar ta ɓoye wa mijin sarƙar zinaren da ta zo da ita, bai zama dole labarin ya rabe gida biyu ba, amma a kashi na huɗu, ranar da za a nemi kuɗin asibiti, sarƙar nan ta fito, kuma wanda bai ɓoye ba ya ga matar ta tafi neman rance. Hoto biyu ne da layi ashirin, amma mai wasa zai ji cewa hannunsa ya taɓa rayuwar matar. Zaɓi uku irin wannan sun fi talatin na wane zani za ta ɗaura.

Ni ma na taɓa faɗawa ramin da kake ciki. Mun yi wani labari da na sadaukar da kashi guda cur ga bikin suna, tun daga yanka rago har watsewar mata da yamma, domin ina son a ga yadda dangi ke auna juna da ido a taro. Aka yi rashin sa'a wuta ta yi ta ɗaukewa, kwamfutar mai zanenmu kuma ta lalace, kashin bai fito ba sai bayan wata biyar. Sharhin da ya biyo baya har yau ina tuna zafinsa, wani ya rubuta cewa wata biyar ya jira don ya ga ana rabon goro. Bayan shekara guda wata malamar makaranta da ta buga labarin gaba ɗaya a hutun ƙarshen mako ta ce mini kashin sunan nan ya fi kowanne daɗi. Da farko na ɗauka maganarta ta wanke ni, daga baya na gane ba ta wanke ni ba. Kuskurena ba rubuta bikin ba ne, sakin sa shi kaɗai ne. Da na haɗa shi da abin da ya faru a daren sunan, lokacin da mai jego ta ga takardar filin da aka sayar, da mai jira ya samu abin da zai tauna, malamar kuma ba ta rasa komai ba. Tun daga nan na sa wa kaina ƙa'ida cewa ba zan saki kashi ba sai wani abu ya faru a cikinsa wanda ba ya komawa baya: an faɗi maganar da ba ta janyuwa, ko an gano abin da ba ya sake ɓoyuwa, ko wani ya fita daga gida da kayansa.

Game da wanda za ka saurara kuwa, ka ɗauki mai wasa kamar majinyaci. Idan ya ce nan ne ke masa ciwo, ka yarda da shi ba gardama, amma idan ya fara rubuta wa kansa magani, ka yi hattara. Wanda ya ce kashi na biyu ya gundure shi ya ba ka labari mai amfani. Wanda ya ce a sa ta kashe aurenta a kashi na gaba, ko a ƙara wa amarya fage domin ita yake so, yana neman ya karɓe alƙalamin ne. Shi ya sa ba na son al'adar jefa ƙuri'a a kan makomar labari da wasu ke yi don faranta wa masu tallafi. Masu ƙuri'a kullum abin da zai yi musu daɗi yanzu suke zaɓa, kuma labarin da ya ba su duk abin da suka roƙa su ne farkon masu barinsa. Ka kuma tuna cewa masu rubuta sharhi 'yan kaɗan ne daga cikin masu bugawa, kuma wanda ya ji haushi ya fi wanda ya ji daɗi saurin rubutu. Idan mutum biyar da ba su san juna ba suka nuna wuri ɗaya, akwai yoyo a wurin. Idan mutum ɗaya ne yake maimaita magana ɗaya a ƙarƙashin kowace sanarwa, ka gode masa ka wuce.

Abin da zan so ka yi a kashi na huɗu ke nan. Ka buɗe shi da ɗan taƙaitaccen tuni na abin da ya gabata, wanda za a iya tsallakewa, har da zaɓin da mutum ya yi, domin mai jira ya manta rabin sunayen. Ka koma kashi na uku ka saka fage ɗaya tsakanin zagin uwar miji da sulhun, ko da gajere ne, kuma ka sanar da cewa ka yi gyaran. Gyaran tsohon kashi ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, kuma idan wata rana kuka kai wasan Steam, inda mai saye ke da damar karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai wuce awa biyu yana bugawa ba, waɗannan kashi ukun na farko su ne za su yanke muku hukunci. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya yayin gyaran, wanda ya fi kowane rauni na rubutu saurin korar mutane, wato lalacewar ajiyar wasa, wadda ke riƙe wa mai wasa inda ya tsaya. Kada ka goge fayilolin rpyc da Ren'Py ta haɗa a fitowar da ta gabata lokacin da kake haɗa sabuwa, duk wani sabon abin ƙirga da za ka ƙara kuma ka bayyana shi da umarnin default na Ren'Py, sannan ka gwada da tsohuwar ajiya a wata wayar daban kafin ka saki. Mutumin da ya jira wata uku ya buɗe ya ga an ce ya fara daga farko ba zai tsaya duba kyawun jimlolinka ba. Idan ka gama rubutun kashi na huɗu ka turo mini shi tun kafin abokinka ya zana ko layi ɗaya, ka kuma rubuta mini a samansa, da jimla ɗaya, abin da zai faru a ciki wanda matar ba za ta iya komawa bayansa ba.